Ranar da motata ta durƙusa a hanyar Zariya

Wasu daga cikinku sun tambaye ni me ya sa kwanakin baya suke ganina a Keke Napep ina zuwa ofis, har wani abokina ya bugo waya yana tambaya ko motar ce aka ƙwace. Ba a ƙwace ta ba. Tana nan, ta kuma koma kan titi. Amma abin da ya faru tsakanina da ita a cikin shekara guda ya isa a ba da labari, musamman ga ire-irena masu jiran alat ɗin ƙarshen wata. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

A 2020 na sayi motar, a hannun wani tsohon daraktanmu da ya yi ritaya. Jif ce ƙirar Turai, samfurin 2009, baƙa wuluk, kujerun fata, in ka rufe ƙofa ba ka jin hayaniyar waje. Ya sallama mini ita a kan kuɗin da a lokacin bai kai na Corolla mai tsafta ba. Na ɗauka mutunci ne ya yi mini. Ranar da na kawo ta gida uwargida ta zagaye ta sau biyu, ta ce, "Yallaɓai, wanda ya fi ka albashi ya gaji da ita, kai da me za ka riƙe ta?" Na ce mata ai mata ba su san mota ba. Wannan maganar tawa har yau ana tuna mini ita a gidan, kuma ba ni da bakin musu.

Gaskiyar magana, ba don Hajiyarmu kawai na saye ta ba, ko da yake haka na riƙa faɗa wa mutane. Hajiya tana fama da ciwon baya da gwiwa, duk wata sai na kai ta asibiti a Zariya daga nan Kaduna, kuma motar tana tafiya kamar kwale-kwale a kan ruwa, ramin titi ba ya isowa jikin mutum. Wannan gaskiya ne. Amma akwai ɗaya gaskiyar da ban cika faɗa ba: na ji daɗin yadda masu gadi suka fara buɗe mini get ba tare da tambaya ba, da yadda a wajen ɗaurin aure ake nuna mini wurin ajiye mota kusa da na manya. Ina mataki na 14, amma motar tana mataki na 17.

Ga wanda bai sani ba, abin da ke sa irin waɗannan motoci laushin tafiya shi ne ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan iska suke. A kowace ƙafa akwai wata jaka ta roba mai kauri da aka saƙa zare a cikinta, wadda makanikai ke kira balan-balan. Akwai ƙaramin kwamfireso mai aiki da batir da ke hura musu iska ta siraran bututu. Akwai wani akwatin bawul da ke raba iskar zuwa ƙafafu huɗu, akwai tankin ajiye iska, sannan kowace ƙafa ko kowane gefe yana da sansa mai auna tsayin motar daga ƙasa yana gaya wa kwamfutar mota. In ka loda buhun shinkafa biyar a but, bayan motar zai sauka, sansa ya sanar, kwamfireso ya ƙara iska, mota ta dawo daidai. In za ka shiga hanya mai kwazazzabai ka danna maɓalli ta ɗaga. In kana gudu a babban titi ta ɗan sauko da kanta.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun 1957 Cadillac ta sa ta a wata motarta a Amurka, manyan bas-bas da tireloli kuwa sun daɗe suna amfani da ita. Range Rover ta shigo da mai aiki da kwamfuta a farkon shekarun 1990, Mercedes kuma ta fito da tata mai suna Airmatic a S-Class ta 1998. Abu ne mai kyau, kuma ba zan zagi waɗanda suka ƙera shi ba. Sai dai roba roba ce. Kullum tana naɗewa tana warwarewa a wuri ɗaya, sau dubbai a tafiya guda, kuma shekaru suna busar da ita. Ko a Turai in ta yi shekara takwas ko goma ana sa ran canza ta. To ka haɗa mata da zafin watan Afrilu na Arewa, da ƙurar hunturu da ke shiga cikin naɗin tana gurzar ta kamar sanfefa, da titunanmu. Lokacin da na sayi motar, balan-balan ɗinta sun riga sun shekara goma sha ɗaya. Tsohon daraktan nan ya san lissafinsa.

Alamar farko ta zo ne a hunturun ƙarshen 2023. Na fito da asuba na ga ƙafar baya ta hagu ta sauka, motar ta karkace kamar mai ɗingishi. Da na tayar da ita, kwamfireso ya yi gurnani na minti ɗaya, ta miƙe. Na ce alhamdu lillahi, ta gyara kanta. Washegari haka. Bayan mako biyu ta fara yi a ofis, kafin a tashi aiki ta zauna. Wani masinjanmu mai barkwanci ya ce, "Oga, motarka ma ta fi wasunmu yawan ruku'u." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Bakanikena ya gaya mini gaskiya tun a lokacin. Ya ɗaga motar, ya kaɗa ruwan sabulu a gora, ya fesa a jikin robar, sai ga kumfa tana tasowa daga wasu ƙananan tsagu a daidai inda take naɗewa. Ya ce, "Alhaji, wannan ta gama. A canza na bayan duka biyu yanzu, tun kafin ta kashe kwamfireso." Ya yi mini bayani cewa kwamfireson an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. In akwai yoyo, sai ya yi ta aiki ba hutu, ya yi zafi, zoben fistin ɗinsa ya cinye, wani lokacin rile ɗinsa ya manne ya ƙi sakinsa har ya ƙone. Na ji, na gane, na ce masa bari a yi albashi. Aka yi albashi uku ban koma ba.

Ba taurin kai ne kawai ba, kun san halin da aka shiga. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Motata mai silinda shida ce, shan mai take kamar raƙumi ya samu rijiya. Kuɗin makarantar yara ya ƙaru, buhun masara ya ƙaru, maganin Hajiya ya ninka. Albashi kuwa yana nan inda yake, in ban da ɗan abin da aka ƙara na rage raɗaɗi. A cikin wannan lissafin, motar da ke tashi da kanta kowace safiya ba ta zama abin gaggawa ba.

Ranar wata Talata a Fabrairun 2024 muka kama hanyar Zariya da Hajiya da ƙanwata. Mun wuce Mararrabar Jos, muna dab da Jaji, sai na ji wani ƙara daga baya kamar an fasa leda, fitila ta kama a dashbod, bayan motar ya zube. Na gangara gefe. Kwamfireso ya yi ta kuka yana neman cika jakar da ta riga ta yage, kafin in yi tunanin cire fiyus ɗinsa sai na ji ƙaurin wayar da ta ƙone, ya yi shiru. Babu jimawa gaban ma ya fara sauka. Motar da nake taƙama da ita ta durƙusa a bakin titi kamar raƙumin da aka sauke wa kaya, tayoyi sun shige cikin jikinta.

Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne da tsohuwa a mota. Ga kuma layin likita da in ka rasa sai wani watan. Na yanke shawarar mu lallaɓa a haka. In iska ta fita gaba ɗaya, motar tana zama ne a kan wasu 'yan guntayen roba masu tauri da aka sa don kada ƙarfe ya bugi ƙarfe, saboda haka duk tsakuwar da taya ta taka sai ta iso ƙashin bayanka. Na riƙa tafiya a kan talatin, tireloli suna danna mini ham. Ta madubi nake kallon Hajiya ta runtse ido, ta riƙe hannun ƙofa, tana jan carbi. Ba ta ce uffan ba har muka isa. Da ƙanwata ta kama ta za ta fito, sai da ta yi minti biyar kafin ta iya miƙewa. Abin da kawai ta ce mini shi ne, "Kai kuwa, motar ba ta da lafiya ka ɗauko mu?" Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A tasi muka dawo da ita, motar kuma sai washegari aka ɗauko ta a bayan babbar mota.

Daga nan na shiga makarantar da ban yi niyyar shiga ba. Na zagaya Panteka, na sa aka tambayo mini Ƙofar Ruwa a Kano, wani abokin aiki ya bincika mini Apo a Abuja, wani kuma Ladipo a Legas. Abin da na gano shi ne hanya huɗu ce a gaban mai irin matsalata.

Ta farko, ka sayi na asali, sabo a kwalinsa daga kamfanin motar. Shi ne mafi inganci, ba gardama. Amma da aka buga mini lissafin ƙafa huɗu da kwamfireso a farashin dalar lokacin, ya haura albashina na shekara. Na gaba ma sun fi tsada, don a irin motata balan-balan ɗin gaba haɗe yake da shokazoba, abu guda ne, na baya ne kawai ake sayar da jakar daban.

Ta biyu, ɗan Baljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari ko ta tsufa a Turai ko Amurka. Mutanenmu sun yi imani da Baljiyam, kuma a kan abubuwa da yawa suna da gaskiya: ƙofa, injin, giyabos, fitila. Amma a kan roba lissafin ya sha bamban. In motarka ta 2009 ce, wanda za a ciro maka ma daga motar wajen 2009 zai fito. Ka cire roba mai shekara goma sha biyar ka sa wata mai shekara goma sha biyar, wadda ta ƙara da kwanciya a kwantena da rana a kasuwa. Garantin da za a ba ka shi ne na gwaji, kwana uku ko mako ɗaya.

Ta uku, sabo amma ba na kamfanin motar ba. A nan ne ruwa ya fi zurfi, don suna iri-iri. Akwai kamfanonin da aka sani a duniya da wannan sana'a, irin su Arnott na Amurka da Bilstein na Jamus, kuma sau da yawa kamfanin mota ma ba shi ke ƙera waɗannan kayan da kansa ba, wasu ne ke yi masa ya buga tambarinsa. Irin waɗannan suna da sauƙi a kan na asali, amma da dala ake sayensu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan. Sannan akwai marasa suna, waɗanda ke zuwa a farin kwali, ko a kwalin da aka kwaikwayi sunan wani aka sauya harafi ɗaya. A ido ba ka bambance su. Bambancin yana cikin ingancin robar, da yawan zaren da ke cikinta, da zoben ƙarfen da ya matse bakinta.

Ta huɗu, ka rabu da iska gaba ɗaya, a cire balan-balan a sa sifirin na ƙarfe da shokazoba irin na sauran motoci. Makanikai suna ce masa kwanbashan. Da bakanikena ya kawo wannan shawara, har raina ya ɓaci. Na ce in na yi haka me ya rage na motar?

To me na yi? Na yi abin da mai ƙaramin ƙarfi da babban buri ke yi. Na sayi kwamfireso ɗan Baljiyam, na sayi balan-balan guda ɗaya tak marar suna a wani shago, na ce a sa a inda ya fashe. Bakanike ya ce, "Alhaji, ba a canza ɗaya. Tare aka haife su, tare suka tsufa. In ka sa sabo a hagu, na dama ne zai bi." Na ce a dai sa. Ya sa, ya yi aikinsa tsakani da Allah: bai sauke motar daga jak ba sai da ya hura wa jakar iska, don in aka sauke nauyin mota a kan jakar da ba iska tana naɗewa ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. Ya canza rile, ya kai ta wajen mai kwamfuta aka daidaita tsayinta. Mota ta tashi, na koma taƙama.

Wata huɗu muka yi. Da damina ta kankama, na dama ya fashe kamar yadda aka faɗa, Allah ya taimake ni a cikin gari ne. Na sake sayen wani marar suna. Bayan mako shida, na farkon da na saya ya fara yoyo ta bakin zoben. Na koma shagon, mai shagon ya ce ai kayan iska ba su da garanti, wataƙila ma bakanikena ne bai iya sawa ba. Sannan wata sabuwa ta ɓullo: a jikin kwamfireso akwai wani ɗan gwangwani mai ƙwayoyin da ke tsotse laimar iska kafin ta shiga bututu. Na ɗan Baljiyam ɗin nan ya riga ya jiƙe tun a can, saboda haka ruwa ya riƙa shiga akwatin bawul, bawul ya fara maƙalewa. Yau gaba ya ɗaga baya ya sauka, gobe akasin haka. Da na zauna na tara rasit, kuɗin da na kashe a kan araha ya kusa isa in sayi na kirki guda biyu tun farko. Araha ba ta ado, mun sani tun muna yara, amma sai an gwada a kanka kake ganewa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu. A watan Agusta, lokacin da kowa ke cikin ƙunci har matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, akwai fayil ɗin wani ɗan kwangila a kan teburina. Aikin da ya yi bai cika yadda aka rubuta ba, kuma ni ne zan sa hannu cewa ya cika kafin a biya shi. Wata rana ya same ni a wajen ajiye motoci ina tsaye a kan motata da ta zauna. Ya zagaya ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan mota ai ba a sa mata kayan kasuwa. Ina da yaro a Dubai, ka ba ni lambar shasi kawai, cikin sati biyu za a kawo maka na asali ƙafa huɗu. Ba wani abu ba ne, tsakaninmu ne." Bai ambaci fayil ba. Ba ya bukatar ya ambata.

Zan so in ce muku nan take na kore shi. Ban kore shi ba. Na ce masa zan duba. Kwana biyu ina juya maganar. Shaiɗan kuma ya iya lissafi: ai ba kuɗi ya ba ka ba, kyauta ce, ai don Hajiya ne, ai waɗanda ke sama da kai abin da suke ci ya fi wannan sau dubu, ai aikin ma ya yi kashi tamanin. Har na ɗauki hoton lambar shasin a wayata. Daren na biyu na gaya wa uwargida, ina tsammanin za ta taya ni neman hujja. Ta yi shiru, can ta ce, "Yallaɓai, yau balan-balan ne. Gobe in giyabos ya lalace, wa za ka kira? Ka ga shi ke nan motar ta zama tasa, kai kuma direbansa." Ta juya ta kwanta.

Ba zan yi muku ƙaryar waliyyaka ba. Tsoron Allah yana ciki, amma tsoron ranar da za a kira ni a ICPC ko EFCC a ajiye mini takardar shigo da kaya mai ɗauke da lambar motata shi ma yana ciki. Da safe na goge hoton, na rubuta a fayil abin da na gani a wurin aikin, na mayar. Mutumin bai sake gaishe ni ba, kuma na ji a jikina cewa wasu a ofis ba su ji daɗi ba. Wannan wani labarin ne.

Abin da na fahimta a kwana biyun nan shi ne yadda ake kama ma'aikaci. Da wuya a zo maka da buhun kuɗi rana ɗaya. Kai ne kake ɗaukar rayuwar da ta fi albashinka, mota ko gida ko makarantar yara, sannan ranar da ta nemi abincinta ba ka da shi, sai ga mai taimako ya ɓullo. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 da 1980 bashin mota ake ba su, su sayi Peugeot 504 da aka haɗa a nan Kakuri, wadda kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya san cikinta. Kamfanin nan na Kaduna ya fara aiki a 1975. Mu kuma muka tashi a zamanin tokumbo, muna sayen ragowar motocin da aka ƙera don masu kuɗin wata ƙasa, da titunan wata ƙasa, da albashin wata ƙasa. Kuɗin sayenta yana sauka da shekaru, kuɗin kayan gyaranta ba ya sauka, in ma naira ta faɗi hawa yake.

Wani abin takaicin kuma, balan-balan ɗin nan roba ce da zare da ɗan ƙarfe. Muna da itacen roba a Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba. Amma Michelin ta rufe masana'antar tayarta a Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas shekara guda bayan haka. Muna fitar da ɗanyen roba, muna sayo ta a sarrafe da dala. Mutanen Nnewi sun nuna ana iya ƙera kayan mota a ƙasar nan, amma ba wutar lantarki tsayayya, ba rance mai sauƙi, ba kuma hukumar da za ta tsaya da gaske ta raba kayan kirki da na bogi a kasuwa. Shi ya sa mai saye ke shiga shago kamar mai caca.

A ƙarshe na koma ga shawarar da na raina. Na karɓi bashi a ƙungiyar adashen ma'aikatanmu, wanda ake cira daga albashi wata goma, na sa aka kawo mini cikakken saitin sifirin da shokazoba na ƙafa huɗu daga kamfanin da ke da suna da adireshi, wanda aka yi shi musamman don nauyin irin motata. Wannan yana da muhimmanci, don na ga waɗanda aka ɗauko musu sifirin ɗin wata mota aka yanke aka cusa, motar ta riƙa rawa a kan kwana, birki ya riƙa jan ta gefe. Wannan wasa da rai ne. Saitin ya zo da wata 'yar na'ura da ake haɗawa da wayoyin motar don kwamfuta ta daina neman kwamfireso tana kunna fitilar gargaɗi. Bakanike ya cire fiyus da rile na kwamfireson, ya bar sansa a wurinsu saboda fitilun gaba suna amfani da su wajen daidaita haskensu, sannan aka kai ta alaimen. Kwana biyu aka yi. A tsakanin jiran kayan da haɗa kuɗin ne kuka riƙa ganina a Keke.

Na yi asara? Na yi. Laushin nan ya tafi, yanzu mota ce kamar kowace mota, ramin titi yana gaishe ka. Maɓallin ɗaga ta ya zama ado. In na loda kaya da mutane bayanta yana ɗan sauka, ba mai ɗaga shi. Dillalai sun ce darajarta ta ragu a wajen masu son komai na asali, ko da yake wasu masu sayen sun fi son wadda aka riga aka yi wa kwanbashan. Duk ranar da zan sayar da ita zan gaya wa mai saye abin da aka yi mata, ba zan yi masa yadda aka yi mini ba. Abin da na samu kuwa shi ne barci. Ina fitowa da asuba in same ta a tsaye yadda na bar ta.

Ranar da na fara kai Hajiya Zariya bayan gyaran, na sa mata filo biyu a baya, na riƙa kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Muna wuce Jaji ta ce, "Yanzu motar tana jin hanya." Na ce eh Hajiya, an canza mata ƙafafu ne, na asalin sun fi ƙarfina. Ta ce, "To ai gara wadda za ta kai mu." Ba ta san labarin ɗan kwangilar ba, kuma ba na jin zan gaya mata.

Ga masu irin motar nan ko masu shirin saye, ga abin da na koya da kuɗina. Kafin ka saya, ka bar ta ta kwana a inda za ka gan ta da safe kafin a tayar da ita, ka auna tsayin kowace ƙafa da yamma ka sake aunawa da asuba. Ka tambayi farashin balan-balan huɗu da kwamfireso kafin ka tambayi farashin motar. In ka ga ta fara zama, ko ka ji kwamfireso yana yawan tashi, kada ka jira albashi uku kamar ni, yoyon jaka ɗaya ne ke kashe sauran kayan. In za ka canza, ka canza biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare, ka sa sabon rile. In ta fashe maka a hanya, ka cire fiyus ɗin kwamfireso nan take. In kana da halin sayen sabo mai suna, ka saya ka ci gaba da morar iskarka, ya fi daɗi ba shakka. In ba ka da hali, kwanbashan na kirki ya fi jakar bogi, kuma ba abin kunya ba ne.

Saura wata biyu in gama biyan bashin adashe. Uwargida ta ce in an gama a sayar da ita a sayi ƙaramar mota mai shan mai kaɗan, ragowar a biya wa babbar 'yarmu kuɗin rajistar jami'a. Wannan karon ban ce mata ba ta san mota ba. Wanda ke da Corolla ko Civic mai lafiya yana son musaya da ciko, ya same ni ta akwatin saƙo, amma ya sani tun yanzu: a kan ƙarfe take, ba a kan iska ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon zama daidai ƙarfinmu, ya ba iyayenmu lafiya.